Ɗaurin Fata a Bindigar Baba Haruna

Har yau ban manta da ranar da Baba Haruna ya kawo ƙarar bindigarsa ba, ko da yake na manta fuskokin mutane da yawa da suka zo da irin ƙarar kafinsa da bayansa. Ku da kuka shigo aikin nan a bayana kuna yawan tambayata dalilin da ya sa nake tsayawa dogon surutu da mai bindiga kafin in gwada ta. To ga dalilin, sai ku rage yi mini dariya idan na ba da baya.

Lokacin ina cikin shekarata ta shida a wani shagon kayan farauta a unguwar Safa, nan Jidda, tun kafin a tsaurara dokar farauta kamar yadda take yanzu. A iƙamata, takardar izinin zama, an rubuta fanni, wato ma'aikacin hannu. Sama da ni akwai mudir, wato manajan shago, Ustaz Majid, mutum mai son ƙa'ida fiye da abincin rana. Aikina shi ne wanke bindiga, ɗaura madubin hange, daidaita saiti, da sauraron ƙorafi. Doka ba ta yarda baƙo irina ya mallaki bindiga ba, saboda haka bindigogi ba iyaka sun bi ta hannuna, babu tawa ko ɗaya. Ni kuwa ɗan maharbi ne daga wani ƙauye a ƙasar Ningi, na tashi ina bin bayan ubana cikin duwatsu. Wannan abu yana ci mini rai, ba na ɓoyewa.

Abin da muka fi sayarwa shi ne ƙananan bindigogi masu sakata, na araha. Mai sakata ita ce wadda kake ɗaga wani ɗan hannun ƙarfe ka ja baya, kwanson harsashi ya faɗo, ka tura gaba ta ɗauki sabo. Kowane harbi da nasa ja. Na arahar ƙotarsu roba ce, ba su da nauyi, ba su da ado. Ra'ayin masu su kuwa, in ka biye masa sai kanka ya juye. Wannan ya ce tasa ta fi wadda aka saya da tsada saiti, ya rantse har da ɗaga yatsa. Wancan ya ce kunamarta tauri kamar famfon burtsatse. Wani ya ƙwanƙwasa ƙotar da farce ya ce jarka aka sayar masa. Na daɗe da lura cewa yawancin ra'ayin nan yana bin fitar ƙarshe ne: wanda ya dawo da nama bindigarsa ta gari ce, wanda ya dawo da ƙura kamfani ya cuce shi.

Saboda haka shagon ya kafa ƙa'ida ga duk wanda ya ce bindigarsa ba ta saiti. Ana zuwa filin harbi mai lasisi a bayan gari, a gaban mai ita. Da farko a ɗaure ta a mariƙin ƙarfe yadda ya kawo ta, a harba uku a takarda. Mariƙi ba ya numfashi, hannunsa ba ya rawa, don haka in harsasai sun watse ba laifin mutum ba ne. Bayan nan a cire duk abin da mai ita ya ƙara mata, a mayar da ita yadda ta fito daga kwali, a sake harba uku. Daga ƙarshe a miƙa wa mai ita ya harba da kansa. In laifin kamfani ne a mayar wa wakilinsu, in ba haka ba kowa ya kama gabansa.

Wanda ya fara zuwa ba Baba Haruna ba ne, ɗansa ne, Yasir, ma'aikacin wani kamfanin jiragen ruwa. Haifaffen Jidda ne, yana jin Hausa sarai amma in zai yi ta sai ya riƙa lalubo kalmomi. Ya gama magana da mudir da Larabci, sannan ya ji ina waya da Hausa, sai ya biyo ni bayan kanta. Ya ce mahaifinsa ya haura saba'in, yana da takardar ɗan ƙasa tun zamanin da abin bai yi wuya ba, kuma duk lokacin sanyi sai ya hau duwatsun wajen Ɗa'if farautar rema da zomo tare da abokansa. Tsohuwar bindigarsa mai nauyi ta gaji, su 'ya'yan suka saya masa wannan mara nauyi a wurinmu saboda kafaɗarsa. Tun daga nan bai sake samun komai ba. Fita biyu, harbi ba adadi, ko gashin zomo bai taɓa ba. Abokansa sun fara yi masa uzuri a gaban idonsa, abin da ya fi zagi ciwo.

'Ya'yan sun yanke cewa ido ne ya tafi. Mai ido irin wannan kuwa ba a barinsa yana hawa dutse da bindiga a hannu. Shi kuma tsohon ya kafe cewa bindigar ce 'yar araha. Da gardama ta yi tsawo sai suka yi alkawari a gaban babbar 'yarsa: a gwada ta a shago. In bindigar ce, a canza masa. In lafiyarta ƙalau, ya ajiye farauta har abada.

“Ya ammi Sale,” in ji Yasir yana haɗa Hausa da Larabci, “wallahi ba na so in karya zuciyar abuya, babana. Bas mun gaji da tsoro. Ka gwada da gaskiya, halas.”

Na ce masa da gaskiya muke gwadawa, ba mu iya wata hanyar ba. Amma raina bai so aikin ba. Na san abin da ake nufi da a ce wa maharbi ya zauna a gida.

Ranar Asabar da safe muka haɗu a filin, ni da mudir da Yasir da tsohon. Dogo ne siriri, da farar jallabiya da hula irin ta mutanen Sudan, yana riƙe da jakar bindigar da kansa, ya hana ɗansa ɗauka. Na durƙusa na gaishe shi da Hausa. Ya tsaya ya dube ni sosai, ya tambaye ni ɗan ina ne. Da na ce Ningi, sai ya ce shi a Mai Wurno aka haife shi, a bakin kogin Nilu a Sudan, bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, amma kakansa yana yawan faɗin duwatsun Ningi. Hausarsa irin ta tsofaffin da ce, mai nauyi a baki, wadda rabona da jin irinta tun rasuwar kakata. Na ji kamar in bar gwajin mu zauna a inuwa ya yi ta magana.

Da na zuge jakar, ƙamshi ne ya fara isowa gare ni kafin idona ya gane abin da yake gani. Ƙamshin tsohuwar fata da aka jeme da bagaruwa, aka yi shekaru ana shafa mata mai. A gaban ƙotar, daidai inda hannun hagu yake riƙewa, an naɗe bututun bindigar da robar tare da wata siririyar igiyar fata, baƙa wuluk saboda tsufa. Naɗi ne na gwani, zagaye kan zagaye, an ja shi tamau, an soke bakinsa a ƙarƙashi babu ƙulli a waje. Haka ubana yake ɗaure bindigarsa ta toka. Na tsaya riƙe da ita har mudir ya ce mini yalla, wato in hanzarta.

Ga wanda bai san aikin ba, bari in yi bayani. Bindigar toka da maƙeranmu suke ƙerawa, bututunta a kwance yake a kan itace, kuma ɗauri ne yake riƙe shi. In ɗaurin ya saki, bindiga ta zama haɗari. Duk ɗan maharbi ya tashi da sanin cewa bututun da ba a matse shi da ƙota ba aikin banza ne. Su kuwa waɗannan na zamani da gangan ake barin 'yar tazara tsakanin bututu da ƙota, yadda za ka zura takarda ta wuce. Idan harsashi ya tashi bututun yana ɗan girgiza, kuma in ba abin da ya taɓa shi, girgizar iri ɗaya ce kullum, sai harsasai su faɗa wuri ɗaya. Robar araha kuwa tana lanƙwasuwa. In ka matse ta da bututu, zafi ya motsa ta, sanyi ya motsa ta, riƙon hannu ma ya motsa ta, kowane harsashi ya kama hanyarsa.

Na bi ƙa'ida. Na ɗaure ta a mariƙi yadda take, na harba uku a mita hamsin. Da aka kawo takardar, ɗaya yana sama, ɗaya can gefen dama, na ukun da ƙyar ya kama bakin takardar. Baba Haruna ya karɓa ya ɗaga ta sama yana nuna wa ɗansa, fuskarsa ta washe. Ya ce ai ya faɗa, tun ranar da aka kawo ta ya ga ko haɗa ta ba a gama yi ba, rami ne tsakanin ƙarfe da roba, shi ne ma ya taimaka mata da ɗauri. Ya ce kayan araha ba su da amana, masu yin su ba su taɓa kwana a daji ba. Yasir ya tsaya yana kallon takardar.

Ni dai da so samu ne a tsaya a nan. Tsoho ya ci gardama, kowa ya tafi gida. Amma na san in an canza masa wata, a daren zai naɗa mata fatar, a dawo gidan jiya, kuma a karo na biyu ba wanda zai saurare shi. Mudir kuma ya riga ya nuna ɗaurin da biro ya ce a cire wannan, a yi mataki na biyu. Har ya tambayi Yasir a hankali ko laya ce. Tsohon ya ji, ya amsa masa da Larabci cewa babu rubutu a ciki, fata ce kawai, in yana so ya duba.

Na matsa kusa da shi na yi masa bayanin tazarar nan da Hausa, don kada ya ji kunya a gaban mudir. Na ce ba rashin gamawa ba ne, haka aka yi ta. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, “Ɗana, kai ɗan maharbi ne, kuma kana gaya mini a bar bututu yana lilo?”

Na ce, “Baba, ni ma sai da na yi shekara a nan kafin zuciyata ta yarda.”

Na ɗauko 'yar wuƙata don in ɗaga bakin ɗaurin. Ya riƙe mini wuyan hannu, kuma riƙon ba na mai rauni ba ne. Ya ce ba a sa mata ƙarfe. Ya zauna a kan benci, ya ɗora bindigar a cinyarsa, ya fara warwarewa da farce, a hankali, yana magana ba tare da ya dubi kowa ba. Ya ce fatar daga bindigar mahaifinsa take. Yana yaro suka taso daga Mai Wurno za su hajji, da suka iso bakin teku guzuri ya ƙare, mahaifin ya sayar da bindigar don su shiga jirgi. Kafin ya miƙa ta ga mai saye sai ya warware ɗauri ɗaya, na wurin riƙon hannu, ya naɗa wa ɗansa a damtse. Sun yi hajji, suka zauna a unguwar Ammariyya nan Jidda, uban yana dako a kasuwa yana cewa baɗi za su koma. Bai koma ba, bai kuma sake riƙe bindiga ba har ya rasu. Baba Haruna ya ce tun bindigarsa ta farko a ƙasar nan, kowacce ya mallaka sai ya naɗa mata fatar a wuri ɗaya. Tsofaffin masu ƙotar itace ba su taɓa yi masa gardama ba.

Yasir yana tsaye yana ji. Daga yadda ya saki baki na gane bai taɓa jin labarin ba, ko kuma an taɓa faɗa yana yaro bai tsaya ya saurara ba.

Da fatar ta fita, na zura takarda ƙarƙashin bututun ta wuce sumul. Na mayar da bindigar mariƙi na harba uku. Suka faɗa a dunƙule, har biyu sun taɓa juna, babban yatsa zai rufe su duka. Mudir ya yi murmushin mutumin da ba zai cika takardar mayar da kaya ba. Yasir ya sauke numfashi ya ce wa mahaifinsa, cikin ladabi, ga shi bindigar lafiyarta ƙalau, kuma akwai alkawari. Tsohon yana zaune da fatar a tafin hannunsa, kuma a lokacin ne na ga shekarunsa sun sauko masa gaba ɗaya.

Na ce wa mudir saura mataki na uku. Ya ce ba buƙata, an riga an wanke kamfani. Na ce ƙa'ida uku ta ce, kuma shi ya koya mini. Wannan kalma ba ya iya tsallake ta, sai ya ɗaga kafaɗa. Na daidaita madubin, tunda cire ɗaurin ya kawar da saitin, na sa harsasai uku, na miƙa wa Baba Haruna.

Ya zauna a teburin harbi ya kafa gwiwar hannu. Hannunsa na hagu ya yi ta neman wurin zama a kan robar, ya matsa gaba, ya dawo baya, kamar mai neman maɓallin fitila a ɗakin da ba nasa ba. Daga baya ya tsaya. Ya harba, ya ja sakata, ya harba, ya ja, ya harba, ba gaggawa. Ni na tafi ɗauko takardar da kaina, kuma ina tafiya ina addu'a. Duka ukun suna cikin baƙin tsakiya, tazararsu ba ta kai faɗin yatsu uku ba. Samari da yawa da suke zuwa filin nan da bindigogi masu tsada ba sa yin haka.

Yasir ya daɗe yana kallon takardar. Sannan ya sunkuya ya sumbaci kan mahaifinsa, ya roƙe shi ya yafe musu, ya ce idonsa garau yake, dutse kuma nasa ne duk lokacin da ya so. Ni kaina sai da na juya baya na yi kamar ina tattara kwanso.

Da na juyo, sai na tarar Baba Haruna ya ɗora bindigar a cinya yana mayar da fatar. A wurin da take, zagaye kan zagaye, yana ja da ƙarfinsa. Na yi saurin cewa ai ana iya naɗa ta a gindin ƙota, ko a maratayi, tana tare da shi kuma ba ta taɓa bututu. Ya girgiza kai ya ce ba a nan hannun yake ba. Yasir ya ce, “Ya abuya, za ta koma kuskure. Ka gani da idonka.”

“Na gani,” in ji tsohon. Ya soke bakin fatar a ƙarƙashi, ya shafa ta da babban yatsa. “Tun da na fara harbi a ƙasar nan, in na riƙe bindiga hannuna a kan na mahaifina yake sauka. Yau na harba uku, duka sun faɗa daidai, amma ni kaɗai ne a wurin. Ban ji daɗinsu ba, ya waladi.”

Mudir bai ji Hausar ba, ya tambaye ni me za a rubuta. Na ce ya rubuta bindiga lafiya, mai ita lafiya. Ya tambaya ɗaurin fa. Na ce wannan ba na kamfani ba ne.

Baba Haruna ya ci gaba da hawa dutse. Yasir ya fara raka shi, shi da a da ko rairayi ba ya son ya taɓa masa takalmi. Ya gaya mini yawanci tsohon wuri yake samu ya zauna da bindigar a cinya yana kallon kwari, ba kasafai yake harbi ba, don ya ce ba zai raunata dabba ya bar ta ba. Abokansa sun daina yi masa uzuri tunda takardar gwajin ta zaga hannunsu.

Ganina da shi na ƙarshe a shago ne, ya zo sayen man goge bindiga. Wani saurayi yana jujjuya bindiga irin tasa a gaban kanta, ya ga dattijo da alamar sani, sai ya tambaye shi ra'ayinsa, ko tana saiti. Na kasa kunne, don na san abin da ya taɓa faɗa a kanta. Ya ce masa ya saya, ba ta ƙarya, in aka bar ta ita kaɗai inda aka nuna nan take zuwa. Saurayin ya tambaya ko ya samu nama da yawa da ita. Baba Haruna ya ce ko ɗaya, ya karɓi mansa ya yi mana sallama.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku riƙe. Mariƙi da takarda za su gaya muku gaskiyar bindiga cikin harbi uku, kuma kada ku taɓa rage wa kowa wannan gaskiyar. Amma wanda ya shigo yana zagin bindigarsa ko yana yabonta, sau da yawa ba maganar ƙarfe yake yi ba. Wani shekarunsa yake karewa, wani matsayinsa a cikin abokai, wani kuma mutumin da ya rasa yake nema. Shi ya sa nake tambaya kafin in taɓa komai a jikinta. Mu da yawa a garin nan mun zo ne da niyyar baɗi za mu koma, kuma kowa da ɗan abin da ya naɗa a inda hannunsa yake sauka. In kun ga irinsa a bindigar mutum, ku gaya masa abin da yake jawo masa, sannan ku mayar da wuƙarku aljihu.